Tukunyar Inna a Bakin Iyaka

Akwai labarin da kuke bayarwa a gidan nan duk ranar suna, bayan an ci an ƙoshi, wai yadda kakarku ta fi son tukunya a kan ɗan da ta haifa. Na sha jin ku daga zaure kuna ƙyalƙyala dariya, har da masu kwaikwayon muryarta, alhali yawancinku ba ku taɓa jin muryar ba. Ban hana ku dariya ba, ni ma na yi tawa. Sai dai labarin ya fito daga bakin Inna ne a guntule, ya faɗa hannun Gwaggo ta zuba masa gishiri, uwarku ta ƙara yaji, ya iso gare ku a karkace. Tunda ni ne ɗan, kuma ni ne na riƙe tukunyar, bari in miƙe shi tun ina da sauran idon rubutu.

Ni ɗan fari ne, Inna kuwa Bafulatana ce ta wajen Achika, irin waɗanda suka ɗauki kunyar ɗan fari kamar farilla. Ku 'yan yanzu da uwa ke rungume ɗanta a gaban surukai ba za ku gane ba. Ana yaye ni aka kai ni Lajawa wurin Gwaggo, yayar mahaifina, can na tashi. In na zo Wudil Inna ba ta kallona, ba ta amsa gaisuwata sai da ka, sunana kuwa, Haruna, ko a mafarki ban ji ya fito daga bakinta ba. Ni ne "wancan", ranar da ranta ya yi daɗi in samu ƙarin girma in zama "ɗan gidan Gwaggo". In za ta ba ni abinci sai ta ajiye kwanon, ta dubi bango, ta ce ga tuwo nan in da mai ci. Akwai wani mai kifi a bakin kogi da ya yi rashin sa'ar zama takwarana. Shekara da shekaru tana sayen kifinsa, bai taɓa wuce "kai bawan Allah" ba. Ina yaro abin yana yi min ciwo, ba zan ɓoye muku ba. Da na girma sai na saba, kamar yadda mutum ke sabawa da gajeriyar ƙofa ya riƙa sunkuyawa ba tare da ya sani ba.

A shekarun da ake ta surutun mulkin kai ba a kai ga samu ba, ina ɗinki da keke a kasuwar Wudil, wani direban babbar mota ya ce min wani kamfanin Faransawa a Fallomi, garin da kuke kira Injamena yanzu, yana neman teloli masu ɗinka kaki da gyaran tamfol. Na bi shi. Suka ɗauke ni, suka ba ni takardar izinin aiki da hotona a manne, na zazzaro ido a ciki kamar an kama ni da akuyar sata. Takardar nan ba ta zama ba ce, ta aro ce: 'yan watanni kaɗan sai a sabunta, in an ga dama. In za ka fita ƙasar sai an buga mata hatimi an rubuta ranar da za ka dawo, in ka wuce ranar ka zama baƙo kamar ba ka taɓa shan ruwan garin ba. An yarda ka shigo da matarka, da uwarka ko ubanka, ban da su babu kowa. To, a nan gizo yake saƙar. Hanyar Fallomi ita ce hanyar masu zuwa Makka ta ƙasa, sai mutanenmu suka gano dabara. Tsohuwa mai niyyar hajji da ba ta da takarda sai ta raɓi mai takardar aiki, a bakin iyaka ta zama uwarsa, in an tsallake kowa ya kama gabansa. Wani abokin aikina, mutumin Haɗeja, ya shigo da uwa uku a shekara ɗaya. A ta huɗun Baturen da ke bakin iyaka ya rufe takardar da tafin hannunsa, ya tambayi tsohuwar sunan ɗanta, ta ce Audu, shi kuwa Garba ne. Aka ƙwace takardar aka koro shi, kekensa da tabarmarsa suka zama gadon maƙwabta yana da rai. Tun daga ranar, duk tsohuwar da ta zo sai ta faɗi sunan ɗanta da bakinta. An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta ka shafa wa naka ruwa, ni kuwa ruwan da zan shafa yana bakin Inna.

Abin da ya sa nake buƙatarta shi ne uwarku Rabi. Tare muka tafi da ita, ta samu cikin fari, ga ta marainiya, ba uwa ba yaya da za ta je goyon ciki wurinsu, kuma cikin ya yi nauyin da ba a ɗora shi a bayan babbar mota. Maƙwabtanmu matan Shuwa mutanen kirki ne, amma ba su san wankan jego irin namu ba, na tafasasshen ruwa da ganye safe da yamma. Rabi ta tsorata ƙwarai. Uwarta a jego ta rasu, ta kuma sa a ranta rashin wanka ne ya kashe ta. Ta ce in dai ba na so in koma gida da jariri ni kaɗai, in je in zo mata da Inna. Na nemi hutu, aka buga hatimi, aka ba ni zuwa ƙarshen wata. Bazara ce, hadari ya fara leƙowa daga gabas, kuma kowa ya san in ruwan kirki ya sauka a baƙar ƙasar nan ta bayan Dikwa, hanya ta rufe ke nan sai bayan damina. Na baro yarinya da tsohon ciki a hayin kogi, a ƙasar da ba ta jin yarensu, abin da zai mayar da ni wurinta kuwa takarda ce guda a aljihun 'yar-ciki.

Mahaifina ya riga ya rasu, ƙaninsa Baffa Sale shi ke riƙe da gida. Tsohon soja ne, ya je yaƙin Boma ya dawo da wani tsohon bel da kalmomin Turanci da ba su fi a ƙirga da yatsu ba, amma a unguwarmu shi ne masanin halin Bature, ba mai ja da shi. Na zayyana masa komai a tsakar gida. Gwaggo, da ta taso daga Lajawa don ta gan ni, tana zaune a kan tabarma, Inna kuma tana tankaɗe ta ba mu baya kamar ana maganar mutanen wani gari.

"Wannan ai mai sauƙi ne," in ji Gwaggo. "Ni zan je. Wa ya goya shi? Wa ya wanke masa kashi? Sunansa kuwa, in Baturen yana so in rera masa shi da waƙa."

Baffa ya ce, "Adda, ke matsalarki ba ta faɗa ba ce, ta tsayawa ce. Yana tambayar ki ɗanki ne, za ki ce e, amma fa ba ni na haife shi ba, Dije ce, ranar wata Talata ana ruwa. Kafin ki kai kan yaye an ɗaure yaron."

Gwaggo ta buɗe baki za ta musa, sai ta kama ba da labarin ranar Talatar. Tana tsaka da shi Inna ta ajiye rariya. Ba ta juyo ba, da turmi ta yi maganar.

"Wadda ba ta iya ɗaga tulu ita za ta yi wa 'yar mutane wanka? Ruwan jego ba hira ba ne. Ni zan je. Saboda yarinyar."

"To, matar Yaya," in ji Baffa, "kin dai ji sharaɗin. Sai kin faɗi sunan ɗanki."

"Wane ɗa?" in ji Inna, ta ci gaba da tankaɗenta.

Aka shiga shiri. Da farko sai da aka kai ta ɗakin magani aka yi mata lambar agana, don ba a tsallake iyaka sai da shaidarta. Ta miƙa dantse ko gezau ba ta yi ba, amma da malamin asibiti ya tambayi wanda ya kawo ta, da leɓe ta nuna ni. Gwaggo ta so a kai wa baduku takardata ya ɗinke ta cikin fata saboda tsari, da ƙyar na ƙwace ta. Baffa ya yi min huɗuba: kada in haɗa ta aljihu ɗaya da goro, kada in ba kowa ajiya ko da liman ne, in zan yi alwala in sa ta a hula, in Bature ya yi magana in dubi maɓallin rigarsa ba idonsa ba. Inna kuma ta haɗa kayan jego kamar za ta ci da runduna: kanwa, yaji, daddawa, garin kunu, ɓusasshen ganyen runhu cikin buhu, dakuwa da ƙuli-ƙuli na guzuri. Sai tukunya. Ta ce ba ta yarda da tukunyar ƙasar da ba ta san yumɓunta ba. Ta je wurin masu ginin tukwane da kanta ta zaɓo ta wanka, ƙatuwa wadda yaro zai iya ɓuya a ciki, bayan ta ƙwanƙwasa duk na wurin ta saurari ƙararsu ɗaya bayan ɗaya. Na roƙi Baffa ya gaya mata akwai tukwane a Fallomi, har da na ƙarfe. Ta ce wa Baffa ya gaya wa mai maganar cewa ruwan ƙarfe ba ya shiga ƙashi. Aka naɗe tukunya da ciyawa da tsohuwar tabarma, aka ɗaure da igiya, ta fi mu duka samun gata.

Komai ya kammala ban da abu ɗaya. Baffa ya ce soja ba ya shiga fagen fama sai ya yi atisaye, saboda haka za a yi wa Inna atisayen bakin iyaka. Da la'asar aka kifa turmi a gindin cediya, ya zauna a kai, ya ɗaura bel ɗinsa, ya kifa ƙwarya a ka a madadin hular Bature. Ya so ya shafa gari a fuska matarsa ta hana. Gwaggo aka naɗa tafinta. Matan maƙwabta suka cika bakin katanga, ni kuma aka tsayar da ni gefe riƙe da takarda, kamar ragon da ake ciniki. Baffa ya gyara murya ya zubo duk Turancinsa a numfashi ɗaya, ya dubi Gwaggo.

"Ya ce sannu da zuwa, ya gajiya, ya mutanen gida," in ji Gwaggo.

"Adda, Bature ba ya gaisuwa."

"To ai sai ya koya."

Baffa ya sallami tafinta ya koma Hausa. Ya ɗaure fuska ya nuna ni da sanda.

"Ke tsohuwa, wannan ɗanki ne?"

"Soja, sauke min ƙwaryar nan, ta furar yamma ce."

"Ni ba Soja ba ne, Bature ne. Ɗanki ne ko ba ɗanki ba ne?"

"Ana dai ganinsa a gidan nan."

"Mene ne sunansa?"

"Yana da baki."

Baffa ya sosa ƙwarya, ya sake dabara. Ya sassauta murya kamar mai neman fatawa.

"Matar Yaya, tuna min mana, wane annabi ne ɗan'uwan Annabi Musa?"

"Amincin Allah ya tabbata a gare su su biyun," in ji Inna.

Matan katanga suka fashe da dariya. Haka aka yi ta yi kullum da la'asar, atisaye ya zama wasan unguwa, har masu tallar gyaɗa suka gano wurin. Da Baffa ya ga ba ci, sai ya ɗauko liman. Liman ya zauna a zaure, Inna tana bayan zana, ya yi mata bayani mai daɗi cewa larura ce, kuma ko ba larura babu zunubi ga uwa ta kira ɗanta da sunan da aka raɗa masa. Ta saurare shi har ya gama.

"Allah ya gafarta Malam, ai ban ce zunubi ba ne," in ji ta. "Da zunubi ne da sauƙi, sai in tuba. Kunya ce, ita kuwa in ta zube ba a kwashe ta."

Liman ya yi addu'a ya tashi. Ni kuma raina ya ɓaci. Wata yana ta ƙarewa, hadari kullum yana ƙara duhu, ana ta dariya da abin da ni ba dariya ba ne a wurina. Na ce wa Baffa, da ƙarfi yadda za a ji a ɗaki, in ba za a faɗa ba gara a zauna a gida, kada a kai ni a baro ni. Inna ta fito, ta gyara igiyar tukunya, ta ce wa tukunyar, mota ba ta jiran mai surutu. Washegari da safe muna tasha. Baffa ya ja ni gefe ya ce shi ya yi yaƙi da Jafan ya dawo da ransa, amma uwata ta fi ƙarfinsa, Allah ya kiyaye hanya.

Ba zan gajiyar da ku da labarin hanya ba. Babbar mota ce mai shaƙe da goro da mutane, muka bi ta Potiskum muka faɗa Yerwa, muka sake wata zuwa gabas. Inna ta sa aka ɗaure tukunya a saman kaya daidai kanta, duk ramin da mota ta faɗa sai ta ɗaga hannu ta taɓa ta. Ba ta dube ni ko sau ɗaya ba, sai dai in na farka daga gyangyaɗi in tarar da curin dakuwa a kan gwiwata, ba wanda ya ga wanda ya ajiye. Bayan Dikwa wata mata mai son hira ta tambaye ta ko saurayin nan ɗanta ne. Inna ta ce mota ce ta haɗa mu. Na shafa aljihu na ji takarda tana nan, na fara tunanin ko in ce ni kaɗai nake tafe. To amma in ce haka in bar ta ga wa, a dajin da ba ta san kowa ba? Kuma in shiga wurin Rabi da wane ido, hannu rabbana?

Da hantsi muka isa iyaka, can gaba da Gamboru. Wata rumfar kwano ce da tebur, da sojoji masu jajayen huluna a tsaye. A bayan teburin wani Bature ne matashi, fuskarsa ta yi jawur don zafi, sai share gumi yake yi. Kusa da shi tafinta, wani dattijon Bashuwa mai jin Hausa. Aka jera mu. Da aka zo kaina na miƙa takarda ina kallon maɓallin riga kamar yadda Baffa ya koya min. Bature ya dubi hoto, ya dube ni, na zazzaro ido don mu yi kama. Na ce ga mahaifiyata, na kawo ta saboda matata ta kusa haihuwa. Sai na ga abin da nake tsoro: ya ɗora tafin hannunsa a kan takardar ya rufe ta, ya yi wa Inna alama ta matso.

"Iya, sannu da hanya," in ji tafinta. "Ya ce wannan ɗanki ne?"

Inna ta dubi ginshiƙin rumfa. "Ɗan mutane ne."

"Na san ɗan mutane ne, Iya. Ke kika haife shi?"

"A Lajawa ya tashi."

Tafinta ya ɗan dube ni, na ga ya fara ganewa. Ya rage murya.

"Iya, ɗan fari ne ko? Na sani, mu ma muna da irin wannan. Amma mutumin nan bai sani ba. Ki faɗi sunan a hankali, ni kaɗai da shi za mu ji, kowa zai kau da kai."

"Ba ga shi nan a tsaye ba? Ku tambaye shi, yana da baki."

Amsar da ta ba Baffa a gindin cediya ita ta ba Bature, ba ta rage ko wasali ba. Atisaye dai ya yi amfani, sai dai ba ta inda aka so ba. Tafinta ya juya ya yi ta yi wa Bature bayani da hannu da ka. Bature ya girgiza kai, ya faɗi wata magana gajera, ya jawo aljihun tebur ya jefa takardata ciki ya rufe. Har yau ina jin ƙarar rufewar nan. Tafinta ya ce min, cikin tausayi, Baturen ya ce kowace tsohuwa da irin labarinta, ya gaji da ji. Wadda ba ta san sunan ɗanta ba ba uwarsa ba ce, wanda ya kawo ta kuma maƙaryaci ne. Mu koma inda muka fito, takarda ta zama ta gwamnati.

Direba ya ce in sauke kayanmu, shi hadari yake gudu. Na nufi mota. Na tuna Rabi a ɗan ɗakinmu tana leƙen hanya. Na ji haushin Inna irin wanda ban taɓa ji ba, haushin shekarun nan duka, na tuwon da ake ba bango, na "wancan", na gaisuwar da ake amsawa da ka. Na ce a raina ashe dai kunyarta ta fi mata ni, ta fi mata ran yarinyar da ta ce don ita ta zo. Na hau saman kaya, na kwance igiya, na rungumi tukunya.

To, a nan nake so ku buɗe kunne, don nan ne labarinku ya karkace. Ku kuna cewa tukunya ce ta zame, Inna ta firgita, sunan ya kuɓuce mata. Tukunyar ba ta zame ba. Ƙafata ɗaya tana kan buhun goro daram, ɗayar na tokare ta da katakon mota, hannuna biyu sun zagaye tukunyar, ko iska ba ta kaɗa ta. Kuma daga saman nan ina ganin komai. Inna tana tsaye inda aka bar ta, ba ni take kallo ba, ba tukunya ba, Bature take kallo ta wutsiyar ido. Shi kuma ya sunkuya yana rubutu. Ta jira. Ya juya shafi, ta jira. Sai da ya ajiye alƙalami ya ɗaga kai zai share gumi, sannan ta juyo gaba ɗaya, ta dube ni tsakiyar ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka yanke min cibiya, ta ɗaga murya yadda har sojoji suka waiga.

"Haruna! Riƙe tukunyar nan da kyau, kada ka fasa min ita."

A nan ne tukunyar ta so faɗuwa da gaske, amma bayan kiran ne, ba kafinsa ba. Na zauna daɓas a kan goron mutane da tukunya a cinya. Ban san muryarta za ta iya ɗaukar sunan nan haka ba, kamar ta saba, kamar kullum tana faɗarsa a inda ba na ji.

Bature ya tsaya da hankici a hannu. Ya jawo aljihun tebur, ya ɗauko takarda ya duba, ya dubi tafinta. Tafinta ya buɗe hannuwa kamar mai cewa ai na faɗa maka. Suka yi 'yar magana, Bature ya murmusa, ya lalubo hatimi ya buga. Tafinta ya kawo min takardar har gindin mota, sannan ya je wurin Inna. Ta riga ta ja mayafi ta rufe fuska ruf.

"Sannu, Iya," in ji shi. "Allah ya saka miki."

"Tukunya ce ta so faɗuwa," in ji Inna.

"Na gani, Iya. Kowa ya gani."

Ba ta buɗe fuskar nan ba har muka tsallake kogi muka shiga Fallomi, dakuwa ma ranar ban samu ba. Muna sauke kaya ruwa ya kece, hanya ta rufe a bayanmu. Ba a yi nisa ba Rabi ta sauka lafiya, Inna ta girka tukunyarta a bayan ɗaki, ta yi mata wankan da sai da matan Shuwa suka taru suna salati, suna zaton dafa ta ake yi. Rabi ta tashi garau, ga ta nan har yau tana ƙara wa labari yaji. Da damina ta wuce na mayar da Inna gida. Gwaggo da Baffa suka tsare ta da tambaya yadda aka yi aka wuce, ta ce wancan ne ya so ya yi mata asarar tukunya, ba ta san abin da ta ce ba. Na ji, ban gyara mata ba. Ta rufa wa kanta asiri da tukunyar nan, ba ni zan buɗe ba tana da rai. Na koma "wancan" har ranar da ta koma ga Allah, kuma ban ƙara jin ciwon abin ba. Sau ɗaya na ji sunana a bakin uwata, na san abin da ta biya ta faɗe shi, ya kuma ishe ni.

Jaririyar da aka haifa a tafiyar nan ita ce babbar yayarku. Na san kun lura a gidan nan ina kiran kowannenku da sunansa ban da ita, kun kuma sha tsokanata wai tsoho mai rediyo da tabarau har yanzu yana kunyar 'yar fari. Ku yi ta yi. Ita ta san kanta, ta kuma san wanda ke ajiye mata tsire a bakin taga ya ce ga shi nan in da mai ci. Ranar da ta tsaya a wata iyaka tana buƙatar sunan, ku nemo min tukunya.